Uwani Mai Cire Shuni

Waɗanda suka san Uwani a garin nan na Bahiya duk sun ƙare, saura ni, kuma ni ma ba wani ƙarfi ya rage mini ba. Shi ya sa nake so in faɗi labarinta tun bakina yana motsi. Sunana Altine. Daga ƙasar Zazzau aka kamo ni ina yarinya, aka tsallako da ni teku zuwa Barazil, kamar yadda aka tsallako da ita. Ɗaki ɗaya muka zauna shekara da shekaru, a ƙarƙashin wani tsohon bene kusa da unguwar Pelourinho, inda haske ba ya shiga sai ta wata 'yar taga da ke daidai da ƙafafun masu wucewa. Faɗan da muka yi a ɗakin nan ba ya ƙirguwa. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ko da muna tsakiyar faɗan.

Gajeriya ce, mai manyan hannuwa, mai saurin tafiya, kuma dariya ba ta cika yi mata sauƙi ba. 'Yar Kura ce ta ƙasar Kano, kuma ba za ka zauna da ita ka tashi ba ta gaya maka ba. Ubanta marini ne, yana da ramuka a karofi. Uwarta kuma mai ɗauri ce, wato ita ake kai wa farin zane ta ƙuƙƙulla shi da zare kafin a tsoma, yadda in an kwance za a ga ado ya fito fari a cikin shuɗi. Uwani ta koyi ɗaurin nan a gindin uwarta kafin mahara su ɗauke ta a hanyar kasuwa. Abin da ta taho da shi ke nan, sai girman kai, wanda shi kam ko teku bai wanke shi ba.

A nan wanki muke yi. Mu bi gidajen masu hali mu tattaro kaya, mu ɗora a kai mu gangara tafkin Diki, mu wuni a sunkuye. Murgu muke biya, wato ka yi aikinka a waje, ka kai wa mai kai rabonsa, abin da ya saura naka. Yawancin bayin garin nan shuɗiyar taguwa ake ba su, ta wani yadi mai kauri mai arha. Duk lokacin da irinta ta faɗo hannun Uwani sai ta ɗaga ta da yatsu biyu ta yi tsaki.

"Wai wannan rini ne," in ji ta. "Shuni ya leƙa shi ne kawai ya wuce. Da a karofin ubana ne, wanda ya yi wannan ba zai sake fitowa cikin mutane ba."

Mukan ce mata to, mun ji, sai ta koma Kura ta kai ƙara.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Isma'ila. Ubansa Sulaimanu yana cikin masu ɗaukar Turawa a kujera suna hawa tudu da su, ciwon ƙirji ya kashe shi tun yaron bai yi wayo ba. A gidan uwargijiyar Uwani aka haifi yaron, wata tsohuwa da mijinta ya mutu ya bar mata gidaje, kuma can aka kai shi coci aka sa masa Bento. Sunan Isma'ila a kunne aka raɗa masa, bai wuce bakinmu mu 'yan kaɗan ba.

To ga inda abin ya ɓaci. Ɗan fari ne, Uwani kuwa 'yar gidan da ake kunya ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko wancan ko wannan. "Yaron nan" take cewa, in ta matsu ta ce "kai". Ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. In ya faɗi ya fasa gwiwa, ni take yi wa ido in je in ɗaga shi, ita kuma ta ci gaba da murza sabulu har sai ya kusa ƙarewa a hannunta. A gida wannan ba komai ba ne. Akwai kaka, akwai goggo, gida cike da masu rungumar yaro, kuma kowa ya san abin da shirun uwa yake nufi. A nan wa zai gaya masa? Cikin Yarabawa ya tashi, waɗanda a nan ake ce wa Nago, yana ganin mata suna yi wa 'ya'yansu kirari suna shafa musu kai. Tasa uwar in ya shigo ɗaki sai ta juya tana gyara wuta.

Gemu ya fara tsiro masa lokacin da ya tare ni a hanya wata rana ya ce, "Goggo, me na yi mata?" Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya saurara, ya gyaɗa kai don ladabi, amma na ga bai shige shi ba. Da na dawo na same ta na ce, "Yaya, nan fa ba Kura ba ce. Yaron nan gani yake ba kya son sa."

Ta ce, "An raba ni da garina, an raba ni da uwata, an sa mini sunan da ko kare ba zan sa wa ba. Kunyar ma in bar musu? In ya girma zai gane."

Na ce ai ya girma. Ta ce in miƙo mata tsintsiya.

Da ta tara abin fansa, sai da muka zauna muka yi shawara, kanta za ta fara fansa ko shi. Ita ta yanke. Ta ce shi bacucane ne, a cikin gidan aka haife shi, kuma ba a sayar da bacucane, ko wane irin matsiyaci ne ubangida ba zai yi wannan abin kunya ba. Bari ta fara cire kanta, in ya so duk abin da ta samu daga baya ba mai raba ta da shi, sai ta ciro shi. Haka muka sani a gida, ni da ita. Ba wanda ya gaya mana cewa mutanen nan ba su taɓa jin wannan doka ba. Ta fanshi kanta, shi kuma ya ci gaba da zama na tsohuwa, yana dako a bakin teku yana kai mata murgu. Yana ƙara ƙarfi, abin da ake nema a kansa yana ƙara nisa, musamman da jiragen da ke kawo mutane daga ƙasarmu suka daina zuwa, bawa ya yi tsada.

Sana'ar da aka san Uwani da ita daga annoba ta fito. A shekarar da masu ƙasar suke lissafawa 1855 amai da gudawa suka shigo garin, mutane suna faɗuwa a kan hanya, amalanke yana bi yana kwashewa. Hukuma ta rarraba wa masu wanki wani farin gari mai warin da ke yanka hanci, aka ce mu riƙa jiƙa kayan marasa lafiya a ruwansa. Garin annoba muke ce masa, har yau ban san masa wani suna ba. Mu masu wanki muna da al'adar ƙulla bakin riga don mu bambanta kayan wannan gida da na wancan. Wata rana wata shuɗiyar taguwa mai ƙulli ta faɗa cikin bahon Uwani ba ta lura ba. Da ta tsamo ta, shuɗin ya gudu, ta koma fari-fari. Ta fara salati, don ta san za ta sha zagi. Tana kwance ƙullin sai ta kafe wurin da ido. Inda aka ƙulla ɗin shuɗi ne, yana nan yadda yake, ya yi zobe.

Ta daɗe tana kallon zoben nan, mutane suna mutuwa a bayanta. Sannan ta ce, "Altine, kin gani? Garin nan komai nasa a juye yake. Har rini."

Bayan annoba ta lafa ta gano ana sayar da garin a kantin magani. Ta fara da tsofaffin taguwoyi. Ta sa ƙwayar wake a cikin yadi, ta naɗe ta da zaren kaba tam, ta matsa gaba ta sake, har taguwa ta dunƙule ta koma kamar tsohuwar citta. Sai ta dama garin a ruwa, ta tace, ta tsoma, ta jujjuya da sanda. Wannan shuɗin banza kafin ka gama cin ayaba ɗaya ya bar yadin. Nan da nan ta tsame ta ɗauraye a tafki, ta sake ɗaurayewa, sannan ta kwance. A gida ado fari ne a kan shuɗi, nata kuwa shuɗi ne a kan fari. 'Yan dako suka yi caa a kanta. Kowace tashar 'yan dako tana son nata adon, don a gane su daga nesa. Akwai kuma wani dalilin da ba a faɗa da ƙarfi. Tun tawayen malamai da aka yi a garin nan, 'yan sanda ba sa ƙaunar ganin baƙin mutum cikin farar riga. Taguwar Uwani kusan fara ce, mutum zai iya yin salla da ita ransa ya yi sanyi, amma zobban nan sun sa ba mai tare shi.

Kada ka zaci ta yi alfahari da wannan aiki. Garin ya cinye mata farce, ya tsattsaga mata hannu, ya bar ta da tarin da bai rabu da ita ba har kabari. In aka yaba sai ta ce, "Ubana sa launi yake yi, ni cirewa nake yi. Wannan ai ɓarna ce da aka yi wa ado." Amma in tana kwance ɗauri, leƙa fuskarta ka gani. A nan kaɗai na taɓa ganin ta kusa yin murmushi ba dalili.

Abu ɗaya ta mallaka da take ji da shi. Wani Bayarabe mai fatauci tsakanin nan da Ikko ya taɓa kawo zannuwan ƙasarmu. Tana wucewa ta hango wani baƙi wuluk mai sheƙi, ta ɗauka ta shinshina, ta goga a bayan hannunta ya bar shuɗi. Ta ce rinin Kura ne, ta rantse har da cewa ta san unguwar. Ta yi wa matar mutumin wanki har damina ta zagayo kafin ya bar mata shi. Ba ta taɓa ɗaura shi ba. Yana ƙasan akwati, in abin duniya ya ishe ta sai ta buɗe ta sa hanci ta rufe.

Shekaru kaɗan bayan annobar tsohuwa ta mutu. Magadanta suka zo daga wani gari, ba su san kowa ba, suka ce a sayar da komai a raba. A lokacin dillalai suna bi gida-gida suna sayen samari masu ƙarfi, ana lodinsu a jirgin hayaƙi zuwa birnin Riyo, daga can a wuce da su gonakin kofi a kudu. Wanda ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa. Yahaya ne ya kawo mana labari, wani tsohon ɗan dako Bakatsine da ya yi aiki da uban yaron. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, ya ce an kulle Isma'ila a gidan dillali can gangare, an riga an gama ciniki.

Uwani ta yafa gyale ta tafi wurin babban magajin, na bi ta. Ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ko tsohuwar ba. Ta ce masa da harshensu, wanda ba ta taɓa iyawa sosai ba, "Ranka ya daɗe, a gidan nan aka haife shi. A ɗakin can na baya. Ɗan gida ne." Mutumin ya dube ta yana jiran ta ƙarasa. Da ya ga iyakar maganar ke nan sai ya ce to, ya ji, sai me? Ba mugunta ce a fuskarsa ba, da ma ita ce da na fi samun abin zagi. Bai gane abin da take nufi ba ne sam.

Ba ta yi kuka a hanya ba. Muna shiga ɗaki ta jawo akwati, ta fito da zanen Kura, ta shimfiɗa, ta ɗauki almakashi.

Na riƙe hannunta na ce, "Yaya, lafiyarki?"

Ta ce, "Yahaya ya ce akwai Hausawa a Riyo. Yaron nan ba shi da tsaga a fuska, Hausarsa kuma a karye take. Wa zai san namu ne? In suka ga ɗaurin uwata a bayansa za su gane, wani zai ba shi ruwa."

Na sake ta. Na san ba don Hausawan Riyo take yi ba, ita ma ta san na sani. Matar da ta yi shekara ashirin da wani abu tana juya wa ɗanta baya don kunya, yanzu kwanaki kaɗan suka rage mata ta gaya masa abin da bakinta ba zai iya ba. In ya hau jirgin nan yana ganin ba ta son sa, to haka zai mutu yana gani.

Ba ta auna kowa ba ta yanka. Ni da nake cewa ba ta kallonsa, ashe ta san faɗin kafaɗarsa, ta san hannunsa na dama ya fi na hagu kauri saboda kaya. Ta daina zuwa tafki, ta zauna a ƙarƙashin taga tana ɗinki, ƙananan ɗinki a jere, irin wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Da ta gama sai ta shiga ɗauri. Adon uwarta ne, ana ce masa kaza da 'yan tsaki, babban zobe ɗaya a tsakiyar baya, ƙanana birjik kewaye da shi har kan kafaɗa. Ba ta taɓa yi wa 'yan dako shi ba duk da sun roƙa. Yatsunta suka fashe, zare ya riƙa fitowa da jini, ta riƙa tsotsewa tana ci gaba.

Mun zaci akwai sauran lokaci. Sai ga Yahaya da hantsi yana haki, ya ce jirgi ya iso, yau da la'asar za a yi lodi. Uwani ta miƙe ta dama garin annoba a baho a tsakar gidan, ta tace, ta yi bisimilla ta tsoma taguwar. Ta jefa har da wani ƙyalle da ya rage daga yankan wuya, don ta riƙa ɗagowa tana duba launi.

Zanen ya ƙi. Lokacin da shuɗin banza yake yi ya gudu ya wuce, ya sake wucewa, wannan yana nan baƙi ƙirin, ruwan ne kawai ya ɗan canza. Na zaci hankalinta zai tashi. Ina! Sai ta dube ni ido yana ƙyalli.

"Kin gani ko? Wannan shi ne rini. An tsoma shi an sake tsomawa, ya sha rami ya ƙoshi. Ba zai fita don wani garin Turawa ya daka masa tsawa ba."

Ta ƙara gari. Ta jira, ta ƙara wani. Wari ya cika tsakar gidan har maƙwabta suka fara rufe taga suna zagi. A hankali baƙin ya koma shuɗi, shuɗin ya fara dusashewa. Rana ta take tsaka.

Na ce, "Yaya, ya daɗe fa. Ki fitar da shi haka, ko bai yi fari ba. Kin san abin da garin nan yake yi wa hannu."

Ta ce, "Ke 'yar manoma, me kika sani? Ubana yakan bar zane a rami ya kwana ya wuni, ya fito ya fi da ƙarfi. Shunin da ya daɗe yana shiga ai sai ya daɗe yana fita. Ba zan ba shi abu rabi da rabi ba."

A ramin ubanta gaskiya ne, zane ba ya cutuwa don ya daɗe. Ita a can hankalinta yake, a karofi, tana tsaye a kan baho tana yin haƙurin da aka koya mata. Duk shekarun da ta yi tana wannan aiki ba ta taɓa barin yadi ya daɗe a ruwan nan ba, domin babu wanda ya taɓa ƙin sakin launinsa. Sai bayan azahar ta tsame. Babu lokacin zuwa tafki. Da ruwan randunanmu biyu ta ɗauraye, har da ruwan shanmu. Ƙyallen ta rataye a igiya, ta zauna ta fara kwance ɗauri a hankali, tana lallaba yadin.

Na ga taguwoyin Uwani ba iyaka, ban taɓa ganin irin wannan ba. Farin ya yi tas, zobban kuwa baƙi-shuɗi ne mai zurfi, kowanne da gefe mai laushi. Yahaya da ya dawo kiranmu ya cire hularsa ya ce, "Kai, Uwani, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Ta naɗe ta da danshinta, ta nannaɗe a ganyen ayaba, muka gangara.

A bakin teku an jera su a gindin bango, samari da 'yan mata, masu gadi suna kewaye da su. Yahaya ya san ɗaya daga cikin masu gadin, aka bar mu muka matsa. Isma'ila yana tsaye, ya rame, leɓensa ya bushe. Ya gaishe ni, ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙafafunsa. Sannan ta miƙo mini ƙunshin, ni da nake tsaye kusa da ita, ta ce, "Ba wa yaron nan."

Wallahi na ji kamar in mare ta. Shi kuwa ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce da karyayyiyar Hausarsa, "Inna, ko yau ma?"

Sai na karɓe maganar. Na gaya masa da Yarabanci, don ya ji da kyau, cewa wannan zanen akwati ne, wanda ya sani, wanda ba ta taɓa bari ko ni in taɓa ba. Na ce ya dubi yatsunta. Ya duba. Ya buɗe gefen ganyen ya ga zobban, ya daɗe yana kallo, ya sa babban yatsa ya shafa ɗaya.

Ya ce, "Ni ta yi wa?"

Na ce, "Wa kuma take da shi?"

Ya mayar da ganyen ya rufe, ya tura ƙunshin cikin rigarsa ta jikin fata. Ya ce ba zai sa a jirgi ba, datti ya yi yawa. Sai ranar da suka sauka zai sa, ya shiga garin da ita. Ya durƙusa ya taɓa ƙafarta. Ta ɗora hannu a kansa, sau ɗaya, ta ɗauke da sauri kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Aka daka musu tsawa suka shiga kwalekwale, aka tafi da su wurin jirgin.

Da muke hawowa tudu ta riƙa tsayawa tana tari, amma fuskarta a sake take. Har ta ce mini, "Kin ga ya shafa babban zoben?" Na ce na gani. Ta ce, "To ya gane." Na ce ya gane, Yaya. Ranar da aka tafi mata da ɗa, wannan ne abin da ta samu ta riƙe, kuma ya ishe ta hawa tudun.

Rana ba ta faɗi ba muka iso gida. Ƙyallen yana kan igiya, ya bushe. Ta miƙa hannu ta jawo shi, sai rabi ya biyo hannunta, rabi ya tsaya a igiyar. Ba ƙarar yagewa ma. Ta dubi abin da ke hannunta, ta murza da yatsu, ya marmashe ya zube ƙasa. Ta ciro sauran ta ja kaɗan, ya rabu. Garin ya cinye zaren tun a baho, danshi ne kawai yake riƙe da shi.

Ta juya ta dubi wajen teku. Daga tsakar gidanmu ba a ganin ruwa, sai bangon maƙwabta, amma mun riga mun ji jirgin ya yi kuka tun muna kan tudu. Ta zauna a ƙasa, a cikin ruwan da muka zubar.

Ta ce, "Yana zura hannu za ta rabu biyu. A gaban mutane." Can kuma ta ce, "Zai ce ruɓaɓɓe na zaɓa masa. Zai ce abin da na ga ya dace da shi ke nan."

Na ce ba zai ce haka ba, ai ya ga yatsunta, ai na yi masa bayani. Ta ce, "Bayaninki ya taɓa shigarsa?"

Ta rayu bayan wannan har gashinta ya yi fari fat. Ba ta daina aikin taguwa ba, domin ciki ba ya jira, amma ba ta sake tsayawa kallon ado ba, ni take turo wa in kwance. Abin da ta ƙara wa rayuwarta shi ne zuwa bakin teku. Duk jirgin da aka ce zai nufi Riyo sai ta ja ni mu je mu tare ma'aikatansa baƙaƙe, ta ba su ƙosai, ta ba su saƙo. Saƙon bai taɓa canzawa ba: in sun ga wani dogo ɗan Bahiya, su ce masa taguwar kuskure ne, garin ne ya yi yawa, ba da gangan ba ne. In suka tambayi sunansa sai ta dube ni, ni in faɗa. Isma'ila ba zai yi amfani ba, don ba mai kiransa haka a can, sai in ce Bento. Masu kirki su karɓi ƙosai su ce in Allah ya yarda. Wani kuwa ya taɓa yin dariya ya ce, "Iya, kowace gona a kudu akwai Bento, wanne daga ciki?"

Ba wanda ya taɓa dawo mana da amsa. Da ta rasu na wanke ta da hannuna, Yahaya ya riga ta tafiya, don haka da ƙyar muka sami waɗanda suka yi mata salla. Yanzu ana ta raɗe-raɗin wai za a 'yanta kowa da kowa, matasa suna murna, ni ma ina taya su. Amma in na tuna Uwani raina ɓaci yake yi, har yau, da mutanen nan, da garin nan, da ita kanta. Ban sani ba ko Isma'ila yana raye. In yana raye ya manyanta, wataƙila da 'ya'yansa, kuma in suka tambaye shi uwarsa, abin da yake da shi ke nan da zai gaya musu: ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ranar da za su rabu ta ba shi riga ruɓaɓɓiya.